Yadda Ake Jinyar Zomanya Bayan Tiyatar Cire Mahaifa

Ranar da na ɗauko zomanyata daga wurin likitan dabbobi, duk hankalina yana kan ɗinkin da ke cikinta. Shi kuwa likitan ko minti ɗaya bai ɓata a kan ɗinkin ba. Abin da ya yi ta nanata mini har bakin ƙofa shi ne: ka tabbatar ta ci, ka tabbatar ta yi kashi. Sai da dare ya raba, ina tsugune da tocilan a gaban kejinta ina lalube cikin tawul ko zan ga ƙwaya ɗaya ta kashi, sannan na gane nauyin maganarsa.

Hanjin zomo ba ya son tsayawa ko kaɗan. Allah ya halicce shi yana ci dare da rana, abinci na bi ta cikinsa ba yankewa. Allurar barci da zogin tiyata da tsoro, kowannensu na rage tafiyar hanjin. In ya tsaya sai iska ta taru a ciki, ciwon ya ƙaru, zomanyar ta ƙara ƙin abinci, hanjin ya ƙara mutuwa. Cikin kwana ɗaya ko biyu ana iya rasa ta alhali ɗinkin nan lafiyarsa ƙalau. Ga shi kuma zomo dabba ce da ake farauta, ta saba ɓoye ciwo don kada maƙiyi ya gane rauninta. Kafin ta nuna maka tana jin jiki, abin ya riga ya yi nisa.

A gidajenmu yawanci don nama ko sayarwa ake kiwon zomaye, saboda haka wannan tiyata baƙuwa ce ga mutane da dama. Wanda ya ajiye zomanya don sha'awa, yana fatan ta shekara takwas ko goma tare da shi, shi ne ke bukatarta. Ana cire mahaifa da ƙwayayen haihuwa gaba ɗaya, galibi tana da wata huɗu zuwa shida, domin kansar mahaifa ita ce cutar dajin da ta fi kama zomanyar da ta manyanta ba a yi mata aikin ba. Tiyatar kuma tana rage cizo da faɗa da cikin ƙarya, wato lokacin da za ka ga tana tsige gashin ƙirjinta tana haɗa sheƙa ba tare da ciki ba.

Tun kafin ranar aiki

Kada ka hana ta abinci. Mutum da kare da kyanwa ana hana su ci kafin tiyata ne don gudun amai, zomo kuwa ba ya amai. Ta ci har safiyar ranar, ka kuma tafi mata da ɗan abin da ta saba ci domin a ajiye mata da zarar ta farfaɗo. In wanda zai yi aikin ya ce ta kwana da yunwa, to ka sake tunani a kansa, alama ce ta bai saba da zomo ba. Asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, wurare ne da za ka iya fara tambaya. Ko ina ka je, ka tambaya kai tsaye ko sun taɓa yi wa zomanya wannan aiki.

In kana da zaɓin lokaci, ka kauce wa tsakiyar bazara. Zan dawo kan dalilin.

A gida ka shirya ɗakin jinya kafin ka fita. Keji mai hawa ɗaya ko wani lungu da ka kewaye, wanda za ta iya miƙewa ta yi taku uku ko huɗu, amma babu abin da za ta hau ko ta tsallake. Ka cire duk wani kanta ko akwatin da take ɗarewa. Ƙasan ka shimfiɗa tsohon tawul ko zane mai tsabta, fari in da hali, don ɗigon jini ko ƙwayar kashi su fito fili. Garin katako da ɓuntun shinkafa da yashi a ɗauke su tukuna, suna mannewa a ciwo. Idan ƙasan kejin waya ne, ka ɗora katako ko kwali mai kauri ka shimfiɗa a kai. Ka sa mata kwali mai ƙofa a ƙasa wanda za ta ɓuya a ciki, amma ka yanke samansa yadda ba za ta hau ba. Sai sirinji biyu marasa allura, ƙarami mai mililita 1 na magani da babba mai 10 ko 20 na abinci, da kwanon ruwa mai nauyi wanda ba zai kife ba.

Kafin ka baro asibiti

Tambayoyi huɗu ne ba za ka fito ba sai da amsarsu a rubuce. Wane maganin zogi aka yi mata kuma ƙarfe nawa? Wanne za ka ci gaba da ba ta a gida, nawa, sau nawa, kwana nawa? Ɗinkin na ciki ne mai narkewa ko akwai zaren da za a dawo a cire? Wace lamba za ka kira in abu ya taso da dare? Ka nemi a nuna maka wurin ɗinkin ka gani da idonka, ka ɗauki hotonsa da waya. Wannan hoton shi ne ma'auninka na sauran kwanakin.

Ka ɗauko ta a kwando ko kwali mai iska da tawul a ƙasa, ka riƙe a cinyarka. Gargadar hanya a adaidaita sahu ko bayan babur ba ƙaramin azaba ba ce ga cikin da aka yanka ɗazu, saboda haka in ka samu mota ya fi.

Daren farko

Za ta shiga lungu ta ƙudundune, ido a lumshe, ba ta kula kowa. Wataƙila ma in ka miƙa hannu ta juya maka baya. Kada ka damu, dama an ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa: likita ya yi yanka, kai za a ɗaure wa fuska. Ka hana yara shiga, ka kore kyanwa da kare, a rage haske da hayaniya. Ɗauka da shafa duk a bari sai an kwana biyu.

Abu na farko da za ka lura da shi ɗumin jikinta ne. Zafin jikin zomo mai lafiya yana tsakanin digiri 38.5 da 40 a ma'aunin Salsiyas, kuma bayan allurar barci yakan sauka. Taɓa kunnuwanta. In sun yi sanyi ƙalau kuma tana kwance shame-shame, ka zuba ruwan ɗumi a gora, ka naɗe da tawul, ka ajiye a gefenta ta yadda za ta iya matsawa in ya ishe ta. A lokacin hunturu ka rufe rabin kejin da bargo. Garwashi ko risho a ɗakin kuwa kada ka soma.

Ka ajiye ruwa a kwano dab da bakinta, ko da ta saba shan na kwalba mai bututu, don ɗaga wuya yana mata wuya a wannan dare.

Ci, da abin da ke biyo bayan ci

Nan ne aikin yake. Busasshiyar ciyawa ta kasance a gabanta kullum, ita ce ke tura hanji. Sai dai a daren farko da wuya ta kalle ta, abin da ya fi jan hankalinta shi ne ɗanyen ganye mai ƙamshi. Ganyen karas, na'ana'a, ɗoɗɗoya, latas mai duhun kore, ganyen dankalin Hausa, ko 'yar harawa in ta saba da ita. Ka wanke ka bar shi da jiƙonsa, ta samu ruwa ta nan. Wannan ba lokacin gwada mata sabon abinci ba ne, abin da cikinta ya sani shi za ka kawo.

Akwai wata dabara da ta yi mini aiki. Na ɗauki reshen na'ana'a na riƙa goga mata a hanci da leɓe a hankali. Ta kau da kai, na bi ta. Ta sake kaucewa, na sake bi. A karo na biyar ko na shida haushi ya sa ta kai masa cizo don ta raba ni da shi, da ɗanɗanon ya shiga bakinta sai kawai ta ci gaba da taunawa. Ganye uku ta ci a daren, ni kuwa kamar an yi mini albishir da kujerar Makka.

Burodi, biskit, tuwo, ɗanwake da sauran abincinmu ba nata ba ne. Albasa, tafarnuwa, fiya da ganyen dankalin Turawa guba ne gare ta. Yankan ayaba ko tuffa kamar girman ɗan yatsa ba laifi don jan ra'ayi, amma zaƙi da yawa na dagula mata ciki.

Ƙa'idar ita ce awa 12. In ta kai awa 12 da dawowa ba ta sa komai a baki ba, ka kira likita, kuma ka fara ba ta da sirinji. Akwai garin da ake sayarwa don wannan, irin Critical Care na kamfanin Oxbow, amma ba ko'ina ake samunsa ba. In babu, ka jiƙa abincinta na kanti, wato dunƙulallen nan, a ruwan ɗumi har ya narke, ka dama ya yi kaurin kunu. Ka ɗan yanke bakin babban sirinjin don ya wuce. Ka shimfiɗa tawul a ƙasa, ka zaunar da ita a kai da ƙafafunta huɗu, ka naɗe ta har wuya ba tare da matse cikin ba, kai kuma ka durƙusa ta bayanta. Bayan haƙoran gaba na zomo akwai giɓi ta gefe, nan za ka zura bakin sirinjin, kana nufar kunci, ba maƙogwaro ba. Ka tura mililita ɗaya, ka cire, ka jira ta tauna ta haɗiye, sannan ka ƙara. Kada ka taɓa kwantar da ita rigingine don ba ta abinci, zai iya bi ta huhu. Abin da aka saba bayarwa shi ne mililita 10 zuwa 15 ga kowane kilo na nauyinta a zama ɗaya, sau huɗu ko biyar a yini, sai in likita ya faɗi wani ƙiyasin. Rabinsa zai ƙare a rigarka da haɓarta, ka goge mata da tsumma mai ɗumi.

Wuri biyu ne ba a ɗura wa zomo abinci. In cikinta ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ko in ta yi laushi har abincin na zuba daga bakinta ba ta haɗiyewa. Waɗannan na asibiti ne nan take.

Sai kashi. Zomo mai lafiya yana zubar da ƙwaya 200 zuwa 300 a rana, masu girma ɗaya, a mulmule, a bushe. Bayan tiyata na farkon za su fito ƙanana, baƙaƙe, wasu a karkace, wasu a haɗe da gashi kamar carbi. Duk da muninsu labari ne mai daɗi, hanji ya tashi. Ka riƙa kwashe su duk safiya da yamma kana lura ko suna ƙaruwa da yawa da girma. Ya kamata cikin kwana biyu zuwa uku su kusa komawa yadda ka san su. In aka yi awa 24 da tiyata babu ko ɗaya, ko suka fara fitowa sannan suka ɗauke na tsawon awa 12, ko ka ga zawo kamar ruwa, kada ka jira wayewar gari.

Akwai kuma wani kashin mai laushi da sheƙi, a cure kamar 'ya'yan inabi, mai wari. Wannan zomo na cinye shi ne kai tsaye daga duburarsa, daga nan yake samun wasu sinadaran gina jiki da ƙwayoyin halittar da ke taimaka masa narkar da abinci. A kwanakin farko lanƙwasawa na mata zafi, sai ka gan shi a zube. Ba zawo ba ne. Ka ɗebo a kan ganye ka ajiye a gabanta, sau da yawa za ta ci.

Magani

Zomanyar da ke jin zogi ba ta ci, don haka maganin zogi rabin jinyar ne. Wanda likitoci suka fi bayarwa a kai gida shi ne meloxicam na ruwa, na wasu kwanaki. Ka ba ta a kan lokaci ko da ka ga kamar ta warware, ta wannan giɓin na gefen baki. Alamun zogi su ne ƙudundunewa wuri ɗaya, runtse ido, danna ciki a ƙasa, da goga haƙora da ƙarfi har kana ji daga nesa. Wannan ya bambanta da 'yar ƙaramar karkarwar haƙori da take yi in ana shafa ta tana jin daɗi.

Abin da zan ja kunne a kai da babbar murya shi ne ɗabi'armu ta zuwa kemis. An yi wa dabba yanka, sai wani ya ce a buɗe kafso a zuba mata a ruwa don ciwon ya bushe. Ampiclox, amoxicillin, ampicillin, lincomycin, clindamycin da erythromycin, in zomo ya sha su ta baki suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, masu guba su yi yawa, zawo ya kashe shi cikin 'yan kwanaki. Abin da ke warkar da ɗanka ko akuyarka yana iya zama ajalin zomanya. Haka maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fipronil. Duk abin da likitan da ya san zomo bai rubuta ba, a bar shi a kan kanta.

Duba ɗinki

Sau biyu a rana ya isa. Ba sai ka ɗaga ta sama ba. Ka riƙe ganye a saman kanta ta ɗan miƙe ka leƙa da tocila, ko wani ya tallafi ƙirjinta ya ɗaga gabanta kaɗan ƙafafun baya na ƙasa. In dole sai an ɗauke ta, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙarƙashin ƙugu, a manne da jikinka. Ɗaukar zomo ta kunne da muka taso muna gani ba daidai ba ne ko yana da lafiya, balle da yanka a ciki. In ya yi harbi da ƙafafun baya a sama yana iya karya ƙashin bayansa.

Ɗan ja da ɗan tashi a kwana biyun farko ba komai ba ne. Abin tsoro shi ne kumburin da ke ƙaruwa, zafi a wurin, ruwa ko mugunya, wari, bakin ciwon ya buɗe, ko wani ƙullutu mai laushi ya ɓullo a ƙarƙashin fata. Ka ɗaga leɓenta ka duba dasashi: ruwan hoda ake so. In ya yi fari fat kuma jikinta ya yi sanyi, mai yiwuwa jini na zuba a ciki, a tafi asibiti a lokacin. Fitsarin zomo kan yi ja ko ruwan lemo saboda ganyen da ya ci, wannan daban yake da ɗigon jini ko gudansa daga gabanta, wanda shi ma na kiran likita ne.

Kada ka shafa komai a ɗinkin. Dettol, sipirit, man zafi, man kaɗanya, toka, duk za ta lashe, wasu kuma su narkar da gam ɗin da aka manne fatar da shi. In kashi ya ɓata gefen wurin, ka tafasa ruwa rabin lita da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ya huce, ka dangwala da auduga a hankali. Wanka babu shi.

Wasu zomayen na tsige zare da haƙori. Lasa kaɗan ba laifi, amma in ka ga tana ja tana cizo, fara da tambayar likita ko maganin zogin ya yi kaɗan, don sau da yawa dalilin ke nan. Ana iya yanke ƙafar safa mai laushi a zura mata kamar riga ta rufe cikin, ba matsewa. Robar nan mai kamar mazurari da ake sa wa karnuka a wuya ita ce zaɓin ƙarshe, tana hana zomo ci kuma tana hana shi kaiwa ga kashin nan mai laushi. In ciwon ya buɗe har ana ganin abin ciki, ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan gishirin nan, ka rufe, ka naɗe ta da tawul, ka kama hanya. Kada ka yi ƙoƙarin mayar da komai da hannunka.

Zafi da ƙuda

Zomo ba ya gumi kamar mu, ta kunnuwa yake fitar da zafi, kuma da zarar yanayi ya kai wajen digiri 30 ya fara wahala. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi kuwa zafin Afrilu kan haye 40. Ka ajiye ta a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da kwanon rufi da hasken taga. Gorar ruwa mai ƙanƙara a naɗe da tsumma, ko fale-falen tayil da za ta kwanta a kai, suna taimakawa, haka shafa wa kunnuwanta ruwa da yatsa. Fanka ta riƙa juya iskar ɗakin, kada ta fuskance ta kai tsaye. Zomo ta hanci kaɗai yake numfashi. Ranar da ka ga ta buɗe baki tana haki, abin ya kai intaha.

Ƙuda kuma ya fi ɓarna da damina. Yana yin ƙwai a ciwo ko a gashin da kashi ya jiƙa, cikin ƙasa da kwana ɗaya tsutsa ta ƙyanƙyashe ta fara cin nama. Ka lulluɓe kejin da tsohon gidan sauro, a ɗaure yadda haƙorinta ba zai kai ba, ka canza shimfiɗa kullum, ka kwashe ragowar ganye kafin ya ruɓe. Duk lokacin da ka duba ɗinki ka duba ƙarƙashin wutsiya.

Motsi da abokin zama

Wajen kwana na uku ko na huɗu za ta fara nuna kamar ba a yi mata komai ba, tana tura ƙofa tana son fita. Fata ce ta fara haɗewa, naman ciki bai gama ba. Ka bar ta ta riƙa ɗan zagayawa a daɓe na minti goma ko ashirin kana tsaye, tafiyar ma na motsa hanji. Tsalle, hawa kujera, gudu a tsakar gida da tonon rami su jira kwana 10 zuwa 14. In akwai zaren waje, a wannan tsakanin ne ake cire shi.

In tana da abokin zama, ka raba su da waya ta yadda za su ga juna su shinshini juna, amma ba hawa ba kokawa. Raba su ɗaki daban na iya sa su manta da juna, ranar haɗuwa a kwashi faɗa. Bayan mako biyu, in likita ya ce ciwon ya warke, ka haɗa su a wurin da ba na kowa ba a cikinsu, kana kusa da tawul a hannu don rabiya. Namijin da aka yi wa fiɗiya yana iya ba wata zomanyar ciki har mako shida bayan aikin, a kula da wannan in akwai wasu matan a gidan.

Halinta ba zai canza rana ɗaya ba. Gurnani da kai cizo kan ɗauki wata ɗaya ko biyu kafin su lafa. Gashin cikin da aka aske zai tsiro a hankali, wani lokaci fegi-fegi. Daga nan abin lura shi ne ƙiba, don zomanyar da aka cire wa mahaifa tana saurin tara kitse. Ciyawa ta ci iya cinta, ganye kamar cikin hannu biyu a rana, abincin kanti kuwa kada ya wuce giram 25 ga kowane kilo na nauyinta. Ka ɗora ta a sikeli sau ɗaya a wata, ka rubuta a bangon kalanda.